Haƙoran Malam da Ruwan Alwala

Da sunan Allah nake farawa, Mai jarraba bawa da ciwo, Mai yaye masa in ya ga dama. Sunana Saude. A Kazaure nake aure, can gindin dutse, kuma man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne sana'ata. Maigidana shi ne limamin masallacin unguwarmu, ya haura shekara talatin yana jan salla. Katanga ɗaya ce tsakanin masallacin da madafina, don haka duk magariba ina kwasar tuwo ina jin karatunsa. Na rubuta wannan ne saboda masu shirin dashen haƙori a muƙamuƙin sama, da matan da za su yi jinyarsu. Malam ya ba ni izini, ya ce in faɗi komai har da nawa laifin. To, zan faɗa.

Abin ya faro tun da daɗewa, daga dasashi. In ya yi asuwaki sai ka ga jini a jikin icen. Muka yi ta kanumfari, da ruwan gishiri, da jiƙon bagaruwa, haƙoran sama kuwa suna ta girgiɗi. Bana a cire ɗaya, baɗi a cire biyu, har aka wayi gari babu ko ɗaya a sama. Aka yi masa haƙoran roba, irin waɗanda ake cirewa a jiƙa a kofi. Shekara tara yana fama da su. Da farko sun zauna daram, daga baya suka fara rawa. Aka sake wasu, su ma ba su daɗe ba suka saki. Ni da dabarata sai na koma jiƙa ƙaro, ina shafa musu kafin ya fita salla don su manne. Kada kowa ya yi dariya, ya yi mana aiki kusan shekara guda.

Ranar da ƙaron ya ci amanarmu, magariba ce. Ina tsugune gaban murhu na ji ya ɗauko Fatiha, ya kai tsakiya, sai shiru. Na tsaya da mara a hannu. Can sai na ji wata murya ta ci gaba, muryar Malam Hamisu, na'ibinsa, wanda a zaurenmu ya yi karatu tun yana yaro. Da aka idar Malam ya shigo, bai yi sallama da ƙarfi ba kamar yadda ya saba. Ya zaro haƙoran daga aljihu ya ajiye a kan tabarma.

"A kan dadduma suka faɗo," ya ce, "gaban sahun farko."

Na ce, "To sai me, Malam? Wa ya isa ya yi maka dariya? Gobe in ƙara kaurin ƙaron."

Ya girgiza kai. "Saude, ni na koya wa mutanen nan cewa wanda ba ya iya ba haruffa haƙƙinsu ba ya shiga gaba in akwai wanda ya iya. Ba zan karya maganata a kaina ba."

Daga ranar bai ƙara shiga gaba ba. Ba gaba kaɗai ba, masallacin ma ya daina shiga, don mutane ba za su yarda su gan shi a baya ba, sai sun tura shi. Ya koma salla a ɗaki. In baƙo ya matsa sai ya gan shi, ya ja amawali ya rufe baki, ko da ana zafin da kaza ke buɗe baki. Mutumin da ke ɗaura aure da raɗa suna a unguwa uku, ya zama daga ɗaki sai banɗaki.

Ɗanmu Sani, mai sayar da yadi a Kano, shi ya ce a je a ga likitan haƙori a can. Muka yi sammako zuwa tasha, muka isa, muka yanki kati, muka zauna a benci tun hantsi har bayan azahar. Aka ce hoto, aka ce jini, aka ce a dawo wani sati. Sai a zuwa na uku muka zauna gaban babban likitan. Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ɗaga hoton ya nuna mana da biro.

"Baba, ƙashin muƙamuƙinka na sama ya zama kamar ɓawon ƙwai. Ko na kafa ƙusa, ba ta da inda za ta kama."

Wannan ɓawon ƙwai ya zauna mini a kai har yau. Ya ce in haƙori ya fita, ƙashin da ke riƙe da shi yakan yi ta zaizayewa, robar da ke danna shi kullum kuma tana ƙara cinye shi. Ya ce a saman wurin akwai wani kogo a kowane kunci, wanda yake haɗe da hanci. Abin da za a yi, a ɗebo ƙashi daga ƙugun Malam, a ɗaga ƙasan kogon a cusa, a jira wata shida ya kama. Sannan a kafa ƙusoshi, a sake jira, sannan a ɗaura haƙora.

Malam tambaya ɗaya ya yi. "Karatu zai dawo?"

Likita ya ce, "Muna sa rai, Baba."

Da labari ya bazu, kowa ya zama likita. Wani ya ce akwai mai magani a ƙetaren iyaka da ke tsiro da haƙori da garin saiwa. Wata ta ce ƙarfe a baki yana jawo tsawa. Wadda ta fi kowa kafewa ita ce Yaya Indo, yayar Malam, da ke zaune a rugarsu ta wajen Gwiwa, inda 'yan shanunsa na gado suke. Ta zo takanas ta zauna a tsakar gidana ta ce, "Tsofai-tsofai da shi za a yanka masa ƙugu a liƙa a baki? Mu da muka rasa haƙora mun mutu ne?" Malam ya ce mata, "Yaya, ba don tuwo ba ne." Ta yi ta faɗa, amma ita ce ta koma ta sa aka kora bijimai biyu kasuwa. Haka take, bakinta da zafi, hannunta a sake.

Farkon damina aka yi aikin. Kwana huɗu muka yi a asibiti. Ranar sallama Sani ya tafi karɓo magani, Malam kuma yana kwance jiri na ɗibarsa, don haka ni kaɗai ma'aikaciyar jinya ta samu. Ta miƙo mini takarda da Turanci, ta ce bari ta faɗa mini da baki. Kada ya tauna komai. Kada ya ɗauki abu mai nauyi. In atishawa ta zo, ya buɗe baki. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce, "Mama, wannan shi ne babba. Kada ya fyace hanci, ko sau ɗaya, har wata guda. In ya fyace, iska za ta tura ƙashin da aka sa."

Na ce, "Salla fa? Sujada?"

Ta ce ya yi a zaune na kwana goma. Na ji daɗin kaina, na ce ai na yi tambayar da ta kamata.

Muka dawo gida, na ɗaura ɗamarar yaƙi da mura. A tunanina mai mura ne ke fyace hanci, to ba za ta shigo gidana ba. Na rufe tagar ɗakinsa saboda iskar hadari. Na tattara hankicinsa duka na kulle a akwati. Na ajiye suyar gyaɗa gaba ɗaya don kada hayaƙi ya sa shi atishawa, masu zuwa sayen mai suna juyawa da kwalabensu. Yaji ko daka shi ba a yi. Jikokin da ke da majina na hana su wuce zaure. Na faɗa wa Malam dokar, ya ce da muryarsa ta kumburi, "Ai ba na mura." Ruwan alwala ma na ce ba zai taɓa na sanyi ba. Kowace salla sai na ɗumama, na juye a buta, na zaunar da shi a kujera saboda ƙugun, ni da hannuna nake zuba masa.

Satin farko fuska ta kumbura sai ka ce an hura, yana ɗingishi, abincinsa koko da cokali. Sati na biyu kumburin ya fara saɓewa, sai ɗan jini-jini a hanci, wanda dama an ce za a gani. Na fara dama masa fura da nono, ina tacewa. Sati na uku ya ce kansa na sarawa in ya sunkuya, ni kuma na fara jin wani wari in na matso kusa da shi. Na yi shiru don kada in karya masa zuciya, na ƙara turare a ɗakin. Sati na huɗu ya kira ni da safe ya buɗe tafin hannunsa. Wasu 'yan tsakuwoyi ne farare kamar tsakin masara. Ya ce daga bakinsa suke fitowa. Ya kurɓi ruwa a gabana, ruwan ya biyo ta hanci.

Ba shiri muka koma Kano. Likita ya duba, sannan ya juyo gare ni.

"Mama, ya yi mura?"

"Ko kusa."

"Ya fyace hanci?"

Na dafa ƙirji na ce, "Likita, wallahi ko sau ɗaya. Ni nake tsaronsa." Kuma har ga Allah gaskiyata na faɗa.

Ya ce mu je a sake hoto, mu dawo da la'asar. Muna fitowa aka kira azahar. Akwai famfo a gefen masallacin asibitin, Malam ya miƙo mini hularsa da agogo, ya tsuguna. Ina tsaye daga ɗan nesa ina kallonsa, ba don komai ba. Ya wanke hannu. Ya kurkure baki. Ya ɗebi ruwa ya shaƙa, ya sa yatsu biyu na hagu ya kama hanci, fyat. Ya sake. Ya sake na uku.

Wayyo Allah. Na zauna a kan dakalin da ke wurin. Sau uku a kowace alwala, salla biyar a yini, wata guda cur. Kuma ni ce mai butar. Ina tsaye a kansa, ina zuba masa ruwan a tafin hannu, ina kallo, ban taɓa ganin fyace hanci ba, alwala kawai nake gani. Na tambayi sujada, ban tambayi alwala ba.

Duk unguwarmu an san bakina. Ba na iya kwana da magana, ko mai unguwa ne ya taka ni sai na faɗa masa. Amma da muka koma gaban likita da la'asar ya ce ƙashin ya ruɓe, gefen dama duka, na hagu fiye da rabi, sai an sake buɗewa an kwashe, bakina ya mutu murus. Na kalli Malam, na tuna ƙugunsa da aka yanka, na tuna bijiman, na haɗiye.

Aka kwashe, aka ɗinke, muka dawo da ƙasa da abin da muka tafi da shi. A mota na ce wa Malam, "Likita ya ce wannan karon ruwa ma kada ya kusanci hancinka." Likita bai faɗa ba, ni na ƙirƙira. Malam ya dube ni ɗan jim, ya ce, "To." Daga ranar yana tsallake shaƙa ruwa, ramin da ya ɓulle tsakanin baki da hanci ya warke lafiya lau. Wannan warkewar ita ta ƙara tabbatar mini da abin da na aikata.

Wata biyar muka yi a haka, kuma ban taɓa zaman da ya kai su ƙunci ba. Yanzu ko robar ba ta zama, bakin ya lotsa ciki, leɓen sama ya shige. Goron da yake so sai na goga masa a magogi ya tsotsa. Magana ta ragu tsakaninmu, daga "ga kunu" sai "an gode". Ni ba na fita, don ba na barin sa shi kaɗai, shi ba ya fita don ba ya son a gan shi. Magariba ta yi, lasifika ta ɗauka da muryar Malam Hamisu, sai in ga ya sunkuyar da kai yana motsa leɓe. Gida ɗaya, ɗaki ɗaya, amma na kasa haɗa ido da shi.

Sai Yaya Indo ta tattaro kayanta ta tare a gidanmu. Ta zo da rubutu a galan da turaren hayaƙi, ta kuma zo da amsarta. Ta ce ƙashin mutum ba ya ruɓewa a bakinsa haka kawai, jifa ne. Ta ce a duba wa ya ci riba.

"Wa ke tsaye a wurinsa yanzu? Wa ake kai wa goron ɗaurin aure?"

Malam ya ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah. Hamisu ɗana ne."

Ta ce, "Kai dai ka cika yarda da mutane. Saude, ke ba ki da baki ne yau?"

Na ce, "Allah ne masani, Yaya." Kun ji munafunci.

Malam Hamisu kullum bayan la'asar sai ya zo zaure gaisuwa. Yaya ta sa aka riƙa ce masa Malam na barci. Bai fasa zuwa ba. Ran nan matarsa ta aiko da farfesun kaza da aka dafa har ya narke, don Malam ya iya sha. Yaya ta ce a mayar, ba za a ci ba. Ni aka ba kwanon. Na yafa mayafi na fita zaure, yana tsugune, na ajiye a gabansa. Ya ɗago ya ce, "Inna, na yi wani laifi ne?" Na ce, "A'a, an hana shi maiƙo ne." Ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya fita. Na koma madafi na yi kuka har na gode Allah, amma ko a ranar ban faɗa ba.

Da muka koma dubawa, likita ya ce ba zai sake gwada cusa ƙashi ba, wurin ba zai ɗauka ba. Amma akwai wata hanya. Wani babban likita yana zuwa lokaci-lokaci, yana kafa dogayen ƙusoshi da ke tsallake muƙamuƙin gaba ɗaya su je su kama ƙashin kunci, nan ƙasan ido, wanda shi ba ya zaizayewa. Malam ya ce ya gaji, a bar shi haka. Sati uku Sani yana lallashinsa a waya. Abin da ya sa ya yarda, ni na sani, lasifikar nan ce ta magariba.

Ana saura kwana biyu aikin, muna zaune a ofis ni da Malam da Sani, likitan da ya yi aikin farko yana juya takardu ya ce, "Abu ɗaya ke damuna. Har yau ban san abin da ya ɓata na farko ba. Waɗannan ƙusoshin ma ta gefen kogon nan za su bi. Ba na son shiga aiki da abin da ban gane ba."

Na ce a raina, Saude, in kika yi shiru yau, ke da Allah.

"Likita, alwala ce."

Duk suka juyo. Na faɗi komai, tun daga butar har famfon asibiti, har ƙaryar da na yi a mota. Ina magana ina kallon ƙasa. Sani ya ce, "Inna!" ya kama kai. Likita ya ajiye biro ya jingina da kujera. Ya ce ba zai rantse cewa ita kaɗai ce ba, irin wannan aikin yakan lalace ko an kiyaye komai, amma lallai tana iya zama ita. Sannan ya ce, "Ni ma sau biyar nake alwalar nan a yini, kuma ban taɓa ce wa mara lafiya ya kula da ita ba." Na gode masa da wannan maganar. Amma ina da ƙorafi, kuma na faɗa masa a ranar: takarda da Turanci, a garin da kowa ke shaƙa ruwa kafin ya karya kumallo, a ce babu wanda ya tuna ya rubuta kalma ɗaya?

Muka fito baranda da Malam. Ya tura Sani neman adaidaita, sannan ya ce, "Tun a motar nan na gane."

Na ce, "Wace mota?"

"Da kika ce ruwa kada ya kusanci hanci. Ina zaune a wurin, likita bai faɗa ba. Saude, ni nake karantar da cewa shaƙa ruwa sunna ce, mai lalura ya bar ta alwalarsa ta yi. Hancina ne, hannuna ne. Ke ruwa kawai kika zuba."

"To me ya sa ka yi shiru, Malam? Wata biyar!"

"In na faɗa, Yaya ta sauka daga kan Hamisu ta hau kanki."

Ashe duk zaman kurman nan da muka yi, abu ɗaya muke ɓoye wa juna. Ban san lokacin da na ce masa, "Amma dai wallahi ka iya mugun shiru," ba. Ya yi dariya a bayan amawali, rabon da in ji ta har na manta.

Da muka dawo na faɗa wa Yaya Indo da bakina. Ta wanke ni tas, kuma na cancanta. Washegari ta ce in rakata gidan Malam Hamisu. Tsohuwar nan ta durƙusa a tsakar gidansa, shi kuma yana ta "Subhanallahi, Gwaggo, tashi." Ni ma na nemi gafararsa a kan kwanon farfesu.

Aiki na biyu ya fi na farko ban tsoro a ido. Ƙusoshi huɗu aka kafa. Fuska ta kumbura har idanu suka rufe, ƙasansu ya yi baƙi kamar an doke shi. Amma a cikin satin aka ɗaura masa haƙoran wucin gadi, na ga leɓen mijina ya dawo wurinsa, na rasa inda zan sa kaina. Wannan karon da an zo wurin hanci a alwala sai in janye butar, shi kuma ya harare ni. Wata guda babu shaƙa, babu fyacewa. Bayan wata shida aka sa na dindindin. Yana cin tuwo, yana cin nama in ya dahu. Ba a cire su, don haka wankinsu aiki ne, da wani ɗan siririn buroshi ake bi ta ƙasa bayan kowane abinci, in ba haka ba ƙwayar gero ta maƙale ta hana shi sakat. Ƙulina dai likita ya ce a jiƙa tukuna. Duk mai shirin wannan aiki ya sani, ba a gamawa da asibiti, ana komawa dubawa har iyakar rai. Kuma don Allah, in an ce kada a fyace hanci, a tuna da buta.

A zuwanmu na ƙarshe ma'aikaciyar ta kawo wata takarda, ta ce ana tambayar duk wanda aka yi wa dashe ko ya gamsu. Tana karantawa yana amsawa. Tauna? Ya ce alhamdu lillahi. Kamannin fuska? Ya ce a tambayi Saude, na ce ya fi da kyau. Wanki? Ya ce da wahala amma ana yi. Magana? Ya taɓa ganɗarsa da harshe, inda kawunan ƙusoshin suka sa bayan haƙoran ya yi ɗan tudu. Ya ce, "A bar wannan layin, zan aiko da amsa."

Dattawan unguwa suka zo zaure, Malam Hamisu a gabansu, suka ce wurin Malam na nan, shekara biyu riƙo kawai ake yi. Ya ce musu sai magaribar gobe. Unguwa ta ɗauka, har mata suna aiko mini da barka.

Washegari bayan la'asar ya kira ni ɗaki ya ce in sakaya ƙofa. Ya zauna a kan buzunsa ya fuskanci gabas.

"Shekara talatin kina jin karatuna ta katanga. Babu wanda ya san shi kamarki, ko ni, don ni daga ciki nake ji. Zan karanta. Ki faɗa mini abin da kika ji."

Ya ɗauko Fatiha da ƙarfi. Jama'a, muryar na nan yadda na san ta. Harafi bayan harafi suna fita tas. Sai da ya zo kan sin da sadi, na ji wata 'yar iska tana biyo su, siririya, kamar ana hura wuta daga nesa. Ƙanƙanuwa ce. Na tabbata rabin masallacin ba za su ji ba, waɗanda suka ji kuma ba za su taɓa faɗa ba. Ya maimaita, ta sake fitowa a wuri ɗaya.

Ya juyo yana kallona. Wallahi na so in ce lafiya lau. Kalma biyu ce, in faɗe ta ya tashi ya naɗa rawaninsa, duk wahalar nan ta zama ba a banza ba. Na buɗe baki da niyyar haka. Sai na tuna dakalin famfo, da wata biyar ɗin nan.

Na ce, "Malam, akwai iska a sin da sadi."

Ya kalli buzun. Sannan ya ce, "Na ji ta. Na ɗauka ko kunnena ne." Ya ce in ɗumama masa ruwa.

Na taɓa tambayar likita, da aikin farko ya kama, da tudun nan zai kasance? Ya ce Allah kaɗai ya sani. Da wannan amsar nake kwana nake tashi.

Da aka kira magariba ya naɗa rawani, bai ja amawali ba, ya fita. Na ɗora tukunya na tsaya jikin katanga. Na ji hayaniyar gaisuwa, na ji ana "Bismilla, Malam, bismilla," aka daɗe ana ja-in-ja. Aka tayar da iƙama. Aka yi kabbara. Muryar Malam Hamisu ce, tana rawa.

Na jingina goshina da katangar. Ya karanta har ƙarshen Fatiha, masallaci ya amsa. A cikin amin ɗin mutum sittin na tsinci ta mijina, daga sahun farko, ta fi ta kowa ƙarfi.

Tuwon ranar ya kama, haka muka ci shi da ƙauri. Da safe ya kira Sani a waya ya ce ya je ya cike layin nan na takarda, ya rubuta ya gamsu. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu jinya ido da za su ga abin da ke gabansu.